Jaririna ba ya daina kuka da yamma, da gaske waƙa tana taimakawa?

"Assalamu alaikum anti, dan Allah shawara nake nema. Jaririna satinsa 7, shi ne ɗana na fari, kullum daga la'asar sakaliya har wajen goman dare kuka yake ba ƙaƙƙautawa, in ba shi nono in canza mishi famfas in sa shi gyatsa duk a banza. Mun je asibiti sun duba shi sun ce lafiyarsa lau, nauyinsa ma ƙaruwa yake. Babansa ya ce in dinga kunna mishi waƙa a waya, na gwada, wani lokacin ya yi shiru wani lokacin kamar ƙara zuga shi nake. Ni yanzu kaina ma tsoro yake ba ni, jiya sai da na daka mishi tsawa daga baya na zauna ina ta kuka. Da gaske waƙa tana aiki ko ɓata lokaci ne? Kuma wace iri, dan ni ko muryar waƙa ba ni da ita."

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi ya ba ki lada. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in fara rubutu, dan abin da kika tambaya a fili shi ne ko waƙa tana sa jariri shiru, amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wancan layin da kika ce kanki ya fara ba ki tsoro. Toh ni dai a aikina na jinya a ɗakin jarirai da kuma zama da iyaye mata bayan an sallame su, abin da na gani shi ne waƙa tana taimakawa, sosai ma, sai dai ba ta hanyar da mutane suke zato ba. Mutane suna ɗauka wani makunni ne da za a danna yaro ya yi tsit. Ba haka take aiki ba. Wanda waƙar take fara kamawa ita ce uwar, ke kenan, daga jikinki ne natsuwar take gangarawa zuwa jikin yaron.

Me ya sa yake wannan kukan tun farko

Ki fara cire wa ranki cewa wani abu kike yi ba daidai ba. Kukan jarirai yana da tsarinsa, yana fara hauhawa daga wajen sati biyu da haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen sati shida zuwa takwas, sannan ya fara sauka, yawanci kafin wata uku zuwa huɗu abin ya lafa. Wani likitan yara a Amurka, Berry Brazelton, tun 1962 ya sa iyaye suka dinga rubuta awannin kukan 'ya'yansu ya ga wannan hawa da saukar, kuma ya ga yawancin kukan da yamma yake taruwa. Kin ga naki a sati 7 yana kan tsinin tudun ne daidai. Kafin shi ma, a 1954, wani likitan mai suna Morris Wessel ya kawo ma'aunin da har yanzu ake ambata idan ana maganar kolik, wato jariri mai lafiya mai shan nono yana girma amma yana kuka fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a sati, har sama da sati uku. Kusan jariri ɗaya cikin biyar yana shiga wannan layin, kuma waɗanda ake samun wata cuta ta gaske a bayan kukan nasu 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Mutane suna yawan cewa ciwon ciki ne saboda yaron yana naɗe ƙafafu yana jan jiki yana tusa, kuma eh wasu cikin ne, amma da yawansu iskar da suka haɗiya garin kukan ce take fita, ba ita ta jawo kukan ba. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne jariri a wannan shekarun, in ce wannan satuttukan, bai iya kwantar da kansa ba tukuna. Yini guda yana shan haske da hayaniya da hannun mutane, zuwa yamma ya cika ya batse, in ya fara kukan ba shi da birkin da zai taka da kansa. Sai wani babba ya ara mishi nasa. Toh ina birkin zai fito in babbar ita ma zuciyarta tana dukan uku-uku, kafaɗunta sun ƙage, numfashinta sama-sama, ba ta yi barcin kirki ba tun ranar haihuwa?

Abin da waƙa take yi a jikinki

Kukan jariri an halicce shi ne dan kar a iya share shi. Da kin ji shi bugun zuciyarki zai ƙaru, jiki ya ɗau zafi, wannan shi ne yake sa ki zabura ki ɗauke shi, kuma abu ne mai kyau idan kukan na minti biyar ne. Idan ya kai awa uku kullum kuwa, jikin yana zama a wannan halin na zabura babu sauka, daga nan ne tsawa take fitowa daga bakin mace mai son ɗanta kamar ranta. Ba mugunta ba ce, jiki ne ya gaji.

Yanzu ki lura da abin da yake faruwa idan mutum yana rera waƙa a hankali. Dole ki ja numfashi gajere ki sake shi dogo, dan ba a rera waƙa ana jan iska ciki, a kan fitar numfashi ake rerawa. Shi kuma fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya, haka jikin ɗan Adam yake, ko waye. Wato da kin fara rerawa kin tilasta wa kanki irin numfashin da ake koya wa masu fargaba ba tare da kin zauna kina lissafi ba. Sannan bakin da yake rera waƙa ba zai iya daka tsawa a lokaci guda ba, kuma kan da yake bin layin waƙa ya samu abin riƙewa maimakon ya dinga juya "me na yi mishi, me ya same shi, ni wace irin uwa ce". Wannan kaɗai ya isa dalili ko da yaron bai yi shiru ba.

An gwada wannan a jami'ar Toronto a Kanada, Laura Cirelli da Sandra Trehub da abokiyar aikinsu suka fitar da sakamakon a 2020. Sun sa iyaye mata su rera wa 'ya'yansu waƙa ɗaya ta hanya biyu, wani lokaci da salon wasa wani lokaci da salon lallashi, an maƙala wa uwa da ɗa na'urar da take auna tashin hankalin jiki ta gumin fata. Da aka yi salon lallashi sai awon ya dinga sauka a jikin jaririn da jikin uwar tare. Ni wannan "tare" ɗin ne ya fi burge ni, dan shi nake gani da idona a wurin aiki, uwa ta shigo a firgice muryarta tana rawa, mu ce ta zauna ta ɗora shi a ƙirji ta yi mishi ko "mmm mmm" ne, bayan 'yan mintuna kafaɗunta su sauka, sai ki ga yaron ma ya fara sassauta kukan yana ajiyar zuciya.

Akwai kuma binciken da Daisy Fancourt da Rosie Perkins suka yi a Landan, ya fito a 2018, da mata 134 masu alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa. An raba su uku, wasu suna haɗuwa suna rera waƙa da jariransu duk sati har sati goma, wasu suna haɗuwa su yi wasanni, wasu kuma kulawar da aka saba kawai. A cikin waɗanda damuwar tasu ta yi nauyi, 'yan rukunin waƙa sun fi saurin samun sauƙi.

Shi kuma yaron fa

Jariri ba baƙon muryarki ba ne. Tun a watanni ukun ƙarshe na ciki kunnensa yana aiki, kuma muryar da ta fi isa gare shi taki ce saboda ta cikin jikinki take bi ta same shi, ba ta iska kaɗai ba. A 1980 DeCasper da Fifer suka nuna jarirai 'yan kwana uku da haihuwa suna canza yadda suke tsotso dan a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata mace. Saboda haka maganar ba ki da murya ki ajiye ta gefe, shi ba gasar waƙa yake sauraro ba, muryar da ya sani tun kafin ya ga duniya yake nema, ko da tana karkacewa ko ta dushe saboda gajiya.

Kuma waƙa ta fi magana riƙe su. A jami'ar Montreal an kunna wa jarirai 'yan wata 7 zuwa 10 waƙar yara da harshen Turkiyya wanda ba su taɓa ji ba, suka zauna lafiya wajen minti tara kafin su fara ƙorafi, da aka kunna musu magana kuwa wajen rabin haka suka yi. A Harvard ma an gwada jarirai 144 da waƙoƙin reno na al'ummu daban-daban na duniya da yarukan da ba su sani ba, bugun zuciyarsu ya sauka idan aka sa na reno fiye da idan aka sa wasu waƙoƙin, sakamakon ya fito a 2021. Wato ba kalmomin ba ne, tafiyar waƙar ce, a hankali, tana maimaita kanta, ba hawa da sauka mai yawa, yaro yana iya hasashen abin da zai biyo baya sai jikinsa ya saki. Har bakwaini da suke kwalba an gwada da su, Joanne Loewy da tawagarta a 2013 da jarirai 272 a asibitoci 11 a Amurka, ana rera musu kai tsaye har da waƙoƙin da iyayen suka zaɓa da kansu, an ga amfani a bugun zuciyar yaran da tsotsonsu, iyayen kuma suka ce damuwarsu ta ragu.

Amma in faɗa miki gaskiya, yawancin waɗannan gwaje-gwajen an yi su ne da yaran da suka girmi naki ko waɗanda ba su riga sun ɓarke da kuka ba. Jariri ɗan sati 7 da ya kai ƙarshen kuka ya yi jawur yana shiɗewa, wani lokacin ko jin ki ba ya yi. Shi ya sa kika ga waƙar waya wani lokacin kamar zuga shi take, an ƙara wa kunnen da ya riga ya cika wata ƙarar ne.

Yadda nake koya wa iyaye su yi

Abu na farko kar ki jira sai ya ɓarke. Tunda kin san lokacinsa, la'asar sakaliya, ki riga shi. Da ya fara mutsu-mutsu yana juya kai yana ɓata fuska ki rage hasken ɗakin, a kashe talabijin, a daina miƙa shi hannu-hannu, ki ɗauke shi ki fara.

Ki zaɓi waƙa ɗaya ko biyu kawai ki riƙe su, kar ki dinga canzawa kullum. Wadda ke kanki take sanyaya miki rai ita ce daidai, ko wadda aka yi miki kina ƙarama, ko ki ƙirƙira da sunansa kawai kina maimaitawa, layi biyu sun isa. Idan ke mai guje wa kiɗa ce babu damuwa ko kaɗan, dama ba kayan kiɗa ake buƙata ba, murya ce, duk abin da kika saba rerawa mai daɗi a bakinki zai yi. Amfanin maimaita abu ɗaya shi ne bayan kwanaki yaron yana haɗa wannan sautin da kwanciya, ke ma haka, kuma ranar da kanki ya kulle ba sai kin yi tunanin me za ki rera ba, bakin zai kama da kansa.

Ki ɗora shi a ƙirjinki, kansa a ƙarƙashin haɓarki, in da hali fata da fata. A nan ba ji kaɗai yake yi ba, rawar muryar tana ratsa ƙashin ƙirjinki zuwa jikinsa, shi ya sa "mmm" mai kauri da baki a rufe yakan fi waƙa mai kalmomi aiki idan kukan ya yi tsanani. Babansa ma a nan yake da babban rabo, muryar namiji mai kauri a ƙirji tana kwantar da jarirai da yawa, ki faɗa mishi in ji ni maimakon ya miƙo miki waya ya miƙo hannu ya karɓi ɗansa.

Sai wata dabara da masu yi wa marasa lafiya magani da waƙa suka daɗe suna amfani da ita, wato ki same shi a inda yake kafin ki jawo shi inda kike so. Idan yana tsala kuka ke kuma kika fara can ƙasa-ƙasa a hankali, ba ku haɗu ba, bai ma san kina yi ba. Ki fara da ɗan ƙarfi da ɗan sauri daidai da yadda yake, ba ihu ba fa, kina jijjiga shi a hankali daidai da tafiyar waƙar, idan kin ji ya ɗan saurara ya ja numfashi sai ki fara rage sauri kina rage murya kaɗan-kaɗan har ki dawo kamar taku ɗaya a sakan ɗaya. Kar ki yi gaggawar saukowa, nan ne yawanci ake kuskurewa, da ya yi shiru na sakan goma sai a tsaya cak shi kuma ya dawo sabo.

Ki haɗa da tafiya. Wata mai bincike a Japan, Kumi Kuroda, da tawagarta sun fitar da wani aiki a 2022 da jarirai 21, ba su da yawa amma abin ya yi daidai da abin da muke gani. Uwa ta rungumi mai kuka ta yi ta tafiya minti biyar ba tsayawa ba juyi na bazata, duka suka daina kukan, kusan rabi suka yi barci. Sannan suka ce kar a kwantar nan take, a zauna da shi a hannu minti biyar zuwa takwas barcin ya yi nauyi tukuna. Waƙar tana taimaka miki a nan dan ita za ta daidaita miki takun, kuma ita ce agogonki, in kin san waƙarki minti ɗaya ce kin san sau biyar za ki zagayo. In za ki kwantar da shi kuma a rigingine, a kan bayansa, a shimfiɗa mai ɗan tauri ba filo ba tarin zannuwa.

Maganar waya da lasifika

Ban ce haramun ne a kunna ba, akwai daren da muryar ma ba ta fita, ki kunna abinki. Amma waya ba ta ganin fuskar yaro, ba ta san ya fara sassautawa ta rage ba, ba ta san ya firgita ta canza ba, kuma ba ta sa ke ki yi dogon numfashin nan. In za ki kunna ki bi ta da bakinki ko a hankali ne. Ki nisanta ta da shi kamar mita biyu, kar a sa a cikin gadonsa ko kusa da kunnensa, kuma ƙarar kar ta wuce yadda za ku yi hira a ɗakin ba tare da ɗaga murya ba. A 2014 likitoci a Toronto sun gwada na'urori 14 da ake sayarwa dan sa jarirai barci masu fitar da ƙarar shuu ba tsayawa, da aka ƙure su aka auna daga santimita 30 dukansu sun wuce desibel 50 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), iyakar da ake so a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun wuce 85, ƙarar da ko babba ake hana shi daɗewa a cikinta a wurin aiki. In ya yi barci ki kashe, ba sai ta kwana tana yi ba. Sauti kawai, banda nuna mishi bidiyo, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce yaron da bai kai shekara ɗaya ba kar a ba shi kallon allo sam.

Akwai kuma amfani na biyu da waya wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba saboda kunya, wato ke ki sa iyafis a kunne ɗaya ki saurari abin da yake kwantar miki da hankali alhali kina riƙe da shi kina zagayawa. Wasu matan sai su ce anti ai kamar na yi banza da shi ne. A'a, yana hannunki, kina ganinsa, kina jin ɗuminsa, kaifin kukan kawai kika rage wa kunnenki dan ki iya daɗewa a tsaye. Sharaɗin kawai kar ki yi haka a kwance ko a kan kujera mai laushi inda barci zai iya sace ki da shi a hannu.

Ranar da komai ya ƙi

Za a yi irin wannan ranar, ki sa a ranki tun yanzu. Kin rera kin zagaya kin ba da nono ya ƙi, kika ji wani abu yana taso miki daga ciki, hannunki ya fara ƙagewa. A daidai nan ki kwantar da shi a rigingine a gadonsa inda ba abin da zai same shi, ki fita ki ja ƙofa, ki ba kanki minti goma. Ki wanke fuska, ki kira wani, ki sa waƙarki ke kaɗai, ki leƙo shi in kin sauko. Kukan minti goma a wuri mai aminci ba zai yi mishi illa ba. Girgiza shi da ƙarfi kuwa ko na 'yan sakanni ne yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya nakasa ko ya rasu, saboda kansa yana da nauyi wuyansa bai yi ƙwari ba, kuma kuka shi ne abin da ya fi jawo hakan a duk inda aka bincika. Wannan maganar ki faɗa wa duk wanda zai riƙe miki shi, babansa da 'yan uwa da mai taya ki reno, dan ba uwa kaɗai kuka yake kaiwa bango ba.

Ni daga nan ban ga ɗanki ba, da abin da kika rubuto nake aiki, kuma duba ɗaya da aka yi mishi ba ya nufin an gama. Waƙa ba ta maganin cuta. In jikinsa ya yi zafi ma'aunin zafi ya nuna digiri 38 ko sama a jaririn da bai kai wata uku ba, asibiti ne a daren ba sai da safe ba. Haka in ya ƙi nono sau biyu uku a jere, ko yana amai kore, ko jini a kashinsa, ko numfashi yana mishi wuya haƙarƙari yana shiga ciki, ko maɗigarsa ta kumbura, ko jikinsa ya saki ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana sandarewa, ko fitsari ya ragu, ko kukan ya canza ya zama wani siriri mai tsini da ba ki saba ji ba. Ki dinga tuɓe shi ki duba 'yan yatsun hannu da na ƙafa da gabansa, silin gashi yakan naɗe wuri ya shaƙe shi yaro ya yi ta ihu ba a san dalili ba. Kuma dan Allah kar a ɗura mishi wani magani ko jiƙo dan ya yi barci ba da sanin likita ba.

Ke ma a duba ki. Tsawa sau ɗaya da kuka bayanta a wurin macen da ba ta barci ba abin mamaki ba ne, amma in kin ga sama da sati biyu kullum ranki a ɓace, ba kya jin daɗin komai, ko yaron ya yi barci ke ba kya iyawa, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwar miki, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma kuma ana warkewa in an nemi taimako. Ranar da za ki kai shi rigakafi na gaba ki faɗa wa nas ɗin yadda kika faɗa min, da kalmomin nan naki, in tunanin cutarwa ne kuma kar ki jira ranar rigakafi ki je yau. Kafin nan ku zauna da babansa ku raba yammacin, ko awa ɗaya ce ya karɓe shi daga magariba ke ki shiga wani ɗakin ki kwanta, ki koya mishi waƙar da kika zaɓa dan yaron ya dinga jin abu ɗaya a hannun ku biyun.